Tudun da Ya Zaɓa wa Yaya

A ofishin tsara gari Maitaswira ake ce masa, sunan kuma ya bi shi har gida. Aikinsa ya zauna gaban kwamfuta ya faɗi inda ruwan sama zai bi, tun kafin a yanka fili ko a haƙa kwata. Bai cika yin kuskure ba, ya kuma san da haka, shi ya sa ba a rububin zama kusa da shi a taro.

Da aka zo fitar da sabuwar unguwa, ofis ya nemi a sayo taswirar tudu da kwari, irin wadda ake aunawa da jirgi daki-daki. Buƙatar ta tafi wurin manya ta yi kwanciyarta. Da jira ya ishe shi, sai ya sauko da ta kyauta daga intanet, wadda tauraron ɗan'adam ya auna. A gabashin unguwar ta nuna wani tudu zagaye, kamar an kife kwano. Bai zana kwata ko ɗaya a wurin ba, don tudu ba ya buƙata.

Sannan ya kira yayarsa, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba, tana neman inda za ta gina nata na kanta.

"Yaya, na samo miki wuri. Ko garin nan duk ya nutse, ke kina sama kina kallo."

Ta je ta ga dogayen itatuwa cunkus, da ƙyar ake ganin ƙasa. Ba ta yi musu ba, ai ƙaninta ne ya faɗa. Aka sare, aka gina.

Taswirar ofis ta iso bayan an buga rufi. Ya buɗe, ya duba gabas, babu tudu. Wani faffaɗan kwari ne mara zurfi, irin wanda ido ba ya kamawa amma ruwa ba ya mantawa. Tauraron abin da ya fara tararwa yake aunawa, kuma kan itatuwa ya tarar. Maitaswira ya san wannan sarai, shi ke koya wa sababbin ma'aikata. Ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, kwarin na nan. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya, ga damina ta kusa.

Ya sami Yaya a falo tana jera kaya, gidan na warin sabon fenti.

"Yaya, tudun nan ba tudu ba ne. Itatuwan da muka sare ne tudun."

Ta ajiye labulen da ke hannunta. "To mene ne yanzu?"

"Kwari."

"Ba za a yi mana kwata ba?"

"An gama aikin kwata. Zan nema, amma ba bana ba."

Ya so ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ita kuwa sai ta dubi ɗakin daga ƙofa zuwa taga.

"Idan ruwan ya shigo, ina zai kai?"

Lissafin ya riga ya yi shi a ofis, kuma wannan karon ya tabbata daidai ne. Ya matsa ya ɗora tafin hannunsa a bango, daidai ƙirjinsa.

Yaya ta kalli hannun. Ta sauke hoton marigayi mijinta da ke rataye dab da wurin, ta goge gilashin da gefen zaninta, ta miƙo wa ƙaninta guduma da ƙusa.

"Kai ka fi ni tsawo. Ɗaga shi sama."