Gudun Deji Zuwa Malumfashi

Folasade ba ta so wannan gudun ba tun farko. Ita da ƙaninta Ayodeji, wato Deji, a Funtua aka haife su, nan take sayar da atamfa, kowa Maman Simi yake kiranta. Bayan ciwon sikila ya ɗauke masa ɗa, Deji ya ce zai zaga ƙauyuka da gudu har Malumfashi, don jama'a su taimaka wa yara masu wannan ciwo da magani. Ta yi faɗa, ta yi lallashi. Da ta ga ba zai ji ba, sai ta kulle shago, ta ɗauki hayar keke-napep ɗin maƙwabcinsu Malam Mannir, ta loda ruwa da dabino da man zafi, suka riƙa binsa a baya.

Kwanakin farko lafiya lau. Inda suka yada zango, mai gari ya ba su masauki, mata su kawo fura. Ita ce mai gasa masa ƙafa, ita ce mai fasa masa bororo.

Ranar da suka doshi garin Ƙarfi, da hantsi, suna kan wata hanyar burji da masara ta rufe hagu da dama, sai tayar baya ta sace. Deji ya dawo yana haki.

"Anti, in na tsaya ƙafata za ta sandare. Ku same ni gaba."

"Ka jira mu, Deji."

"Ba nisa zan yi ba."

Ya sha kwana, masara ta ɓoye shi.

Malam Mannir bai gama kwance tayar ba suka ji ƙarar, tau, tau, daga gabas. Ya tsaya cak da sifana a hannu. Sai ga mata suna ɓullowa daga gona a guje, wata ba ɗankwali, wata ta rungumo jariri ko goya shi ba ta tsaya yi ba.

"Sun shigo! Masu bindiga! Ku koma!"

Folasade ta cafke hannun wata. "Baiwar Allah, kin ga wani mai jar riga yana gudu?"

Matar ta fizge. "Yau kowa gudu yake!"

Folasade ta nufi inda Deji ya bi, Malam Mannir ya sha gabanta.

"Maman Simi, don girman Allah. Saurara."

Babura ne, da yawa, kuma matsowa suke. Ya ja ta suka kutsa cikin masara, suka kwanta rub-da-ciki a kwarin kunya. Ƙasar da danshi, tururuwa na bin wuyanta, ba ta iya ko motsa hannu ba. Ta tsakanin karare take hango tayoyi suna wucewa, da ƙafafun mutum uku-uku a jikin kowane babur. Ɗaya ya tsaya daidai keken. Ta ji ana zazzage kayanta, jarkar ruwa ta faɗi. Wani ya yi dariya ya ce, "Masu shi ba su yi nisa ba." Malam Mannir na salati ba sauti, leɓɓansa kawai ke motsi. Ta cusa bakin zanenta cikin baki ta cije. Can wani ya daka tsawa daga gaba, babur ɗin ya tashi.

Sun daɗe a kwance bayan ƙarar ta ɓace. Da suka fito, ta miƙa hanya tana kiran sunan Deji ƙasa-ƙasa. Gonaki ba kowa, sai fartanyu a yashe da kwanon abinci a kife. Duk abin da ta hango ja sai gabanta ya faɗi.

Daga wani kwazazzabo Deji ya fito, taɓo har gashin kai, ya goyo wata tsohuwa. Ya ce a bakin hanya ya tarar da ita tana jan gwiwa, kowa ya watse ya bar ta, shi ne ya saɓe ta suka gangara. Folasade ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi, sai ta riƙe rigarsa ta fashe da kuka.

Tsohuwar ba ta kula su ba, gabas take kallo. "Hussaini na yana gonar can," in ji ta. "Shi ya kawo ni."

Suka gyara taya suka kai ta ƙauyensu. A nan suka ji cewa an tafi da mutum huɗu, har da Hussainin.

Washegari Deji ya ce zai ƙarasa, saura kaɗan. Folasade ta ce to, amma ta titin kwalta, kuma bayan motoci sun fara wucewa. Bai iya gudun kirki ba, ɗingishi yake. Ita kuwa ta zauna a gefen keken ƙafa ɗaya a waje, duk babur ɗin da ya taho sai ta ƙanƙame ƙarfe har ya wuce. Da azahar suka shiga Malumfashi. Mutane sun taru a bakin asibiti suna tafi, ita ta kasa saukowa, sai da Malam Mannir ya ce, "Maman Simi, mun iso fa."