Takardar da Ta Ƙi Yin Baƙi

Shekara ashirin da shida ina wanke ƙarafan aikin haƙori a asibitin Likita Kuramochi, nan bayan kasuwar kifi. Na gaji, gaskiya. Ƙuguna ciwo, yatsuna duk kanta.

Ranar Litinin mutane suka yi mana yawa, sai na yi abin da kullum nake hana wasu. Na danƙara jakunkunan kayan aiki cikin tukunyar turiri mai kashe ƙwayoyin cuta har ƙofar da ƙyar ta rufu. Tef ɗin da ke jikin jakunkunan ya yi baƙi, alamar turiri ya taɓa shi, na ce shi ke nan. Da rana, ina shirin buɗe shinkafata, idona ya faɗa kan 'yar takardar gwaji da muke cusawa tsakiyar kaya. Fara fat. Turiri bai kai can ba ke nan. Ga shi mun riga mun shiga bakin mutum bakwai da ƙarafan, kuma da su aka yi wa wani mai ciwon hanta aiki ranar Asabar.

Na kai wa Likita takardar. Ya daɗe yana kallonta.

"Amma ai kin goge su da sabulu tukun, ko?"

"Sabulu ba turiri ba ne, Likita."

"Fumie, garin nan loma ɗaya ne. Kafin yamma har kifi ya ji labari."

"To ya ji."

Ya cire gilashi, ya murza ido, ya turo min waya.

Shida na kira, ina ta rusuna wa bango kamar suna ganina. Wani ya zage ni tas, na kuma ji daɗin zagin. Ta bakwai ita ce Inna Tsuruta mai busasshen kifi, wadda muka cire wa turmin haƙori da safe. Na ce ta yi haƙuri, ta je a gwada jininta.

Ta yi dariya, audugar da muka sa mata na bakinta. "Ke 'yar nan, wa ya wanke kayan?"

"Ni ce, Inna."

"To gwajin me kuma? Tun kina budurwa kike wanke min. Ba inda za ni."

Gara ta zage ni. Minti ashirin na yi a tsaye ina roƙon tsohuwar nan ta daina yarda da ni.