Goron Taba

Ranar da Olive, matar Kambai, ta haihu, abin da ya fara faɗo masa a rai bayan ya ga fuskar 'yarsa shi ne goro. Shi ko ɗanɗana goro ba ya yi, amma a Kafanchan inda ya tashi ba a sanar da haihuwa da fatar baki kawai. Kuma akwai mutum ɗaya da yake so ya miƙa wa goron nan hannu da hannu, wato Maitama.

Maitama Bakano ne, injiniya, teburinsa na kallon na Kambai a kamfanin zanen hanyoyi da suke aiki a garin Gaithersburg, can Amurka. Jirgi ɗaya ya kawo su karatu, ɗaki ɗaya suka zauna, kuma in Hajiyar Maitama ta aiko da yaji da kilishi, ƙulli biyu take yi, ɗaya na Kambai. To bara waccan Hajiya ta rasu. 'Yan ƙasarsu da ke can suka yi ta tururuwa gidan Maitama gaisuwa. Kambai kuwa, aiki ya sha masa kai, zaman Amurka ya fara bin jikinsa, sai ya sayi katin ta'aziyya mai hoton fure, ya sa hannu, ya jefa a akwatin gidan waya. Kati fa, jama'a! Ga mota, ga ƙafa, mutum ya aika da kati.

Maitama bai yi faɗa ba, bai ma ɗaga maganar ba. Hausa kawai ya daina yi masa. Daga ranar, komai da Turanci, cikin ladabi, yadda yake yi wa kowane Bature. Abin ya fi mari zafi a wurin Kambai, kunya kuma ta hana shi buɗe baki. Ga shi yanzu Maitama ya ajiye aiki, ƙarshen wata zai tattara ya koma Kano.

Kambai ya je kantin kayan abincin ƙasarsu da ke garin Lanham, matar da ke kantin ta ce goro ya yanke, sai wata mai zuwa in an dace. Ya dawo jiki a sanyaye. Alexander, wani dattijon Ba'amurke da ke ofishinsu, ya ji labarin haihuwar ya ce masa ai a nan siga uban jariri yake rabawa.

"Siga?" in ji Kambai. "Na shayi?"

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ashe tabar nan mai kauri yake nufi, wadda ake naɗewa da ganye.

Kambai bai taɓa shiga kantin taba ba, ya shiga yana waige kada wani ɗan cocinsu ya hango shi. Mai kantin, wani mai ƙaton gashin baki, ya jera masa iri biyu. Ta farko, ya ce, ganye ne dogo tun daga kai har gindi, ko lanƙwasa ta ka yi ba ta rabuwa sai da wuƙa, kuma tsadarta ba wasa. Ta biyu mai araha ce, a ɗaure ake sayar da ita, daga waje ba ka bambanta su, amma cikinta gauraye ne, dogon ganye kaɗan, sauran duk ɓarɓashin da ya zube lokacin naɗa masu tsadar.

"Tsakani da Allah, mai arahar ta cancanci a saya?" Kambai ya tambaya.

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. "Wuta ba ta cin ta daidai, kuma tana zuba wa mutum gari a harshe. Amma ta haihuwa ce, ko? Yawancinsu aljihun tebur za su jefa ta. Ɗauki wannan, ka dai bi ta a hankali."

Washegari ya bi tebur tebur yana rabawa, ana yi masa murna ana bubbuga masa kafaɗa. Yana ta kewaye teburin Maitama kamar mai kewaye rijiya, har ya rage kara ɗaya tak a hannunsa, kuma ba sauran inda zai je. Maitama na sunkuye a kan wani faffaɗan zanen gada da ya kwana biyu yana fama da shi.

"Mun samu ƙaruwa," Kambai ya ce da Hausa. "Mace."

Maitama ya ɗago, ya taya shi murna da Turanci, ya ƙara da cewa ya gode amma shi ba ya shan taba. Ya mai da kansa kan zanen.

Kambai ya dubi tabar da ke hannunsa. Ya san in ya juya yanzu, shi ke nan, Maitama zai hau jirgi da Turancin nan a bakinsa. Ya tsaya riƙe da tabar, kansa ya ƙulle, sai hannunsa ya yi abin da ya saba gani tun yana ƙarami in goro ɗaya ya rage tsakanin mutum biyu. Ya sa manyan yatsunsa a tsakiya ya karya. Tabar arziki ta ce ƙaras, ta rabu biyu ba gardama, garin cikinta ya watse a kan farar takardar Maitama, kamar an zazzage ƙasan buhun kuka. Alexander da ke gefe ya dafe kai.

Kambai ya miƙa rabi ɗaya. Tun da abin ya riga ya lalace, sai ya ji maganar da ta daɗe a maƙogwaronsa ta fito da kanta.

"Maitama, na zo gaisuwa. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta."

Maitama ya daɗe yana kallon garin tabar da ya rufe masa gada. Sannan ya dubi guntun da ake miƙo masa, wanda har yanzu yake zubar da ɓarɓashi. Ya cire tabarau ya goge idonsa da bayan hannu.

"Amin," ya ce. "Haƙuri da godiya. Allah ya ba da lada."

Da Hausa ya faɗa. Kambai ya jawo kujera ya zauna.

Maitama ya karɓi guntun da hannu biyu, ya jujjuya shi. "Kai dai Kambai har gobe ba ka iya sayayya ba. Wane mugun ne ya sayar maka da goro duk ƙwaro ya cinye cikinsa?"

"Mai araha ce."

"Ai na gani, ga shaida nan a kan aikina." Ya tsinci ɗan ɓarɓashi ɗaya daga kan takardar ya ɗora a harshe, yadda ake yi wa goron da aka karɓa. Fuskarsa ta yamutse, ya daure ya tauna. "Ɗaci kamar maɗaci. Yaushe ne sunan?"

"Asabar. Zan rubuta maka adireshin sabon gidanmu."

"Kada ka sake rubuta mini komai," in ji Maitama. "Ka zo da ƙafarka ka ɗauke ni."