Kadan Tawul a Ɗaki na 308

Shazli ya iso ƙofar kicin rungume da zannuwan gado daidai lokacin da manajan jirgin ruwan masu yawon buɗe ido, Ustaz Midhat, yake cewa a kwashe salak ɗin safe gaba ɗaya a zuba a shara.

"Har da tumatirin?" in ji Girgis, shugaban masu girki, da ludayi a hannunsa. "Tumatirin da na tsaya aka wanke sau uku a gabana?"

"Har shi. Baƙi biyar ke kwance tun asuba, amai da gudawa. Ka san abin da wannan ke nufi?"

"Na dai san ba daga tukunyata ba ne."

"To daga ina? Daga sama ya faɗo?" Manaja ya goge wuyansa da hankici. "Na yi waya da ofis a Alƙahira. In mun isa Aswan gobe ka tattara kayanka, za su aiko da wani. Kafin nan ko albasa kar ka taɓa."

Haka abin yake a kogin nan tun fil'azal. Baƙo ya yi atishawa a ce sanyin ɗaki ne, cikinsa ya murɗa a ce mai girki ne, ba bincike ba tambaya. Shekara goma sha tara Girgis yana ciyar da mutum ɗari da ashirin sau uku a rana a jirgin Baheya, ko sau ɗaya ba a taɓa dawo masa da faranti ba. Kuma duk mai girkin da aka sauke a kan gudawa, labarinsa kan riga shi shiga kowane jirgi daga Luksor har Aswan. Ko shayi ba wanda zai sake ɗaukarsa ya dafa.

Girgis ya cire farar hularsa, ya ninke ta, ya ajiye a kan tebur. Da ya zo fita sai ya ci karo da Shazli.

"Kai kuma sarkin tawul, kallo ka zo yi?"

"Haba mai tukunya. Ai na sha gaya maka ka rage tafarnuwa."

Shekara da shekaru suna wannan tsokanar, amma yau ba ta karɓu ba. Girgis ya dube shi da jajayen idanu, ya raɓa shi ya wuce. Shazli ya ji tausayinsa har cikin ransa. Sai dai, a faɗi gaskiya, can ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan daɗi da ya ji, cewa ba daga ɓangarensa ɓarnar ta fito ba.

Ɓangarensa kuwa ɗakuna ne. Shi ne shugaban masu gyaran ɗakuna, shekara ashirin da uku, kuma in ana maganar tsafta a bakin kogi to sunansa ake kamawa. Kowace safiya sai ma'aikatansa takwas sun jeru sun miƙa hannu ya duba farce. Shinshina matashin kai yake yi kafin ya yarda an canja masa riga. A ƙugunsa kullum akwai 'yar kwalbar man goge hannu tana reto, yana matsawa yana murzawa kamar mai jan carbi. Sama da duka kuma akwai kadansa. Kowane mai gyaran ɗaki a kogin nan ya iya naɗe tawul ya zama agwagwa ko fure, amma kada mai buɗaɗɗen baki, da ƙaya a gadon baya da jela a karkace, na Shazli ne shi kaɗai. A yammacin ranar da baƙi suka hau, shi da kansa yake bi ɗakunan bene na sama ɗaya bayan ɗaya yana naɗa musu shi a kan gado.

Manaja ya miƙo masa takarda. "Kawu Shazli, ga ɗakunan. A wanke su ciki da bai da kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Likita na hanya."

Ya karanta yana hawa matakala: 304, 306, 310, 312. Duk bene ɗaya, duk gefe ɗaya, a jere kamar haƙora, sai giɓi guda a tsakiya. Ya tsaya a gaban 308. Masu ɗakin, wasu ango da amarya 'yan Italiya, lafiyarsu ƙalau, tun da sassafe suka hau keken doki zuwa haikalin Edfu tare da sauran baƙi. Ya sa makulli ya buɗe don ya duba ko akwai abin canjawa.

Kadansa ne ya fara yi masa sallama. Yana nan a kan teburin madubi yadda ya naɗa shi ranar Litinin, sai dai sun ɗora masa baƙin tabarau da hular kaba. Sai a lokacin ya tuna cewa amaryar ta roƙi a kawo musu wasu tawul ɗin, wai ba za ta iya warware wannan ba. Sauran baƙi kuwa hoto ɗaya suke ɗauka, su warware shi, su goge fuska da shi.

Shazli ya zauna a bakin gado, abin da ya hana ma'aikatansa yi ko da wasa.

Ranar Litinin da yamma ya fara ne daga 302, ɗakin wata tsohuwa Bajamushiya mai tafiya ita kaɗai. Ya same ta kwance, fuska ta yi fari, ta ce masa rana ce ta buge ta. Ƙofar banɗakinta a buɗe take, ga tawul a ƙasa a jiƙe, duk ya yi ƙazanta. Ba aikin shara ya fito yi ba, ba safar hannu a tare da shi, domin kada ba ya naɗuwa da safa, yatsu sai sun ji zaren. Amma Shazli ba mutumin da zai wuce tawul a ƙasa ba ne. Ya ɗauke shi ya jefa a buhu, ya matsa mansa ya murza, ya naɗa wa tsohuwar kada har ta yi murmushi. Daga nan ya wuce 304, da waɗannan hannuwan.

Ya dubi hannuwan yanzu. Farce a yanke, tafi fes. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani, kuma tun safe yake tsaye a kan nasa yana kallon kicin.

Ba kowa a ɗakin sai shi. Jan jela ɗaya zai yi kadan ya koma tawul, ya shige buhun wanki tare da ɗari irinsa. Ba wanda ya tambaye shi, ba kuma wanda zai tambaya, domin an riga an sami mai laifi. Har ya miƙa hannu. Sai ya tuna Girgis a watan azumi, Kirista da gicciye a tsintsiyar hannu, yana tsaye kan wake da ƙwai don ma'aikata su yi sahur, yana zaginsu wai su ci da sauri kafin ladan ya kama su. Kunya ta rufe Shazli, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana saurayi.

Ya sauka ya ɗauko safar hannu da farar leda. Ya cire wa kadan tabarau da hula, ya ɗaga shi a hankali yadda yake, ya saka a ledar ya ƙulle.

A zauren karɓar baƙi ya tarar da likita ta iso. Jirgin nasu shi ne na huɗu a jeri daga gaɓa, sai da ta ratsa zaurukan jirage uku da jakarta kafin ta shigo. Dakta Sausan ce daga cikin gari, gajeriya mai tabarau, tana duba takardarta tana yamutsa fuska.

"Mutanen 306 sun ce ko ganye ɗaya ba su ci ba tun da suka zo ƙasar nan," take ce wa manaja. "Kuma mutum ɗari da ashirin suka ci abincin nan. Me ya sa biyar kawai?"

Shazli ya ajiye ledar a kan tebur a tsakaninsu.

"Wannan kuma fa?" in ji manaja.

"Mai laifin ne, yallaɓai. Ko in ce ɗan aikensa."

Ya faɗi komai a tsaye, hannuwa a baya, bai rage ba bai ƙara ba: tsohuwar, tawul ɗin ƙasa, jerin ɗakunan, da giɓin 308. Bai sassauta murya ba, ko da yake masu ɗaukar kaya biyu sun daina abin da suke yi suna saurare.

"Kawu Shazli," manaja ya rage murya, "maganar nan fa an riga an rufe ta. Me ya kai ka tono?"

"An rufe ta a kan wanda ba shi ya yi ba."

Likita ta nuna kwalbar ƙugunsa da biro. "Da wannan ka goge hannu?"

"Da shi, Dakta. Ba ya rabuwa da ni."

"To ai ƙwayar cutar nan ba ta jin tsoronsa, Baba. Sabulu take tsoro da ruwa, kana cuɗawa kana ƙirga ashirin."

Da mari ta kwaɗa masa da ya fi sauƙi. Ya kwance kwalbar daga ƙugunsa ya ajiye kusa da ledar.

Likita ta hau 302, ta yi minti goma ta sauko. Tsohuwar ta amsa cewa tun a jirgin sama take amai, ta ɓoye ne don kar a hana ta tafiyar da ta yi shekaru tana buri. "Sai an yi gwaji zan sa hannu a takarda," in ji likita, "amma ni dai ban ga abin da ya haɗa wannan da kicin ba. Ku mayar wa mai girkin da hularsa. Shi kuma Baban nan a killace shi kwana biyu."

Manaja ya dafe kai. "Yanzu me zan ce wa Alƙahira? Kada ya ciji baƙi?"

"Ka ce musu Shazli ne, yallaɓai."

"Ka san za su iya cewa kai ne za ka sauka a Aswan?"

"Na sani. A dai ba ni minti biyar da yarana kafin a rufe ni."

Ya tara su takwas a bayan jirgi, wajen da ake shanya, shi kuma ya tsaya nesa da su. Bai bari su ji a bakin wani ba. Ya gaya musu abin da ya yi, ɗaki bayan ɗaki. Duk suka sunkuyar da kai kamar su aka kama.

"Kawu, ai kowa zai iya yin wannan kuskuren," in ji Hajjaj, mataimakinsa.

"Kowa ba shi ne shugabanku ba. Ɗago kanka ka saurara." Sai ya shiga jero aiki. Kulorin a kowane mariƙin ƙofa da ƙarfen matakala, duk awa biyu. Zannuwan ɗakunan marasa lafiya a buhu daban, kar a kakkaɓe su, a wanke da tafasasshen ruwa. Mutum ɗaya kaɗai zai riƙa shiga ɗakunan nan, kuma ba zai taka wani ɗaki ba. Zauren ƙasa a goge shi duk lokacin da baƙin jirgin maƙwabta suka ratsa, domin bai yarda a ce daga Baheya cuta ta tsallaka wani jirgi ba. Tawul kuwa a ninke shi gida huɗu, a ajiye, a fito. Ya cillo wa Hajjaj tarin makullansa, suka watse a guje, kuma ko a wannan hali sai da ransa ya yi fari da ya ga yadda kowa ya san inda zai nufa.

Da la'asar jirgi ya kama hanyar Kom Ombo. Shazli yana kwance a ɗan ɗakinsa na ƙasa kusa da injin, inda taga take daidai da ruwa. Cikinsa ya fara murɗawa tun azahar, ya je banɗaki sau uku. Ta ƙarƙashin ƙofa warin kulorin yake shigowa. Hajjaj ya aiko cewa ban da tsohuwar, har yanzu biyar ɗin ne, ba ƙari, ofis kuma sun ce za su duba maganarsa in an isa.

Aka buga ƙofa da ƙafa, sai ga muryar Girgis.

"Sarkin tawul! Ka mutu ne ko da saura?"

"Da saura. Me ka kawo?"

"Farar shinkafa da dafaffen dankali da lemon tsami. Ba tafarnuwa, don kar ka ce ni na kashe ka."

"An mayar maka da hular?"

"Tana kaina." Sai muryar Girgis ta sauko. "Wa ya aike ka, Shazli? Da ka yi shiru wa zai sani?"

"Ajiye tiren a ƙasa ka ja baya."

"Buɗe mana in ga fuskarka, ɗan banza."

"Ba zan buɗe ba. Ka taɓa mariƙin ƙofar nan?"

"Na ɗan taɓa."

"To ga famfo nan a bayanka. Da sabulu."

"Ni? Ni za ka koya wa wanke hannu? Yau ɗin nan?"

Shazli ya kasa kunne. Can sai ya ji an murɗa famfo, ruwa yana zuba, Girgis yana gunaguni yana ambaton kakannin duk wani mai naɗa tawul a kogin. Shazli ya lumshe ido yana ƙirgawa. Yana kan sha uku ruwan ya tsaya.

"Bai cika ba," ya ce da ƙarfi. "Koma."

Girgis ya yi tsaki a bayan ƙofar. Sannan famfon ya sake buɗewa.