Baba Ya Haɗa Ɗigon

Auta ta fito daga wanka ta tarar da Baba durƙushe gaban allon, riƙe da jan alƙalaminta mai kauri, irin wanda ba ya gogewa.

Allon na wani mai shagon gyaran waya ne, aikinta na farko tun da ta bar kamfanin buga takardu ta koma zane a gida. Da ƙyar ta shawo kansa ya yarda da haruffan ɗigo-ɗigo: a kusa ɗigo ne kawai, amma daga tsallaken titi sai su haɗu a ido kamar fitilu. Ɗaya bayan ɗaya ta liƙa fararen ɗigon a kan shuɗin fenti, har bayanta ya ƙage. Yau da hantsi za a buɗe shagon, kuma mutumin ya ce in allon ya yi kyau, aikin duk shagunan layinsu nata ne.

Baba kuwa ya shafe rayuwarsa yana koyar da 'yan aji ɗaya, kafin mantuwa ta kama shi. Ya bi ɗigon nan da jan layi ya haɗa su tsaf, yadda ake yi a littafin koyon rubutu. Saura harafi ɗaya.

"Wane malalaci ne ya bar aikinsa a nan?" ya tambaya ba tare da ya ɗago ba.

"Ni ce, Baba."

"Ke dama tun kina ƙarama sai an tsaya a kanki."

Ko ƙarfin faɗa ba ta da shi. Ta zare alƙalamin daga hannunsa, ta jiƙa tsumma da fetur ta goga. Jan ya narke, ya kwaso shuɗin, ɗigon suka fara zamewa. Tana cikin haka ta ji hon a ƙofar gida.

Mai shagon ya shigo da sallama, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Ƙanwata, allo ne wannan ko hatsari aka yi?"

"Ka ba ni zuwa gobe, yallaɓai."

"Goben me? Mutane na can suna jira a bakin shago." Ya riga ya ciro waya yana neman mai buga bana, wato allon talla na leda, ya ce a yi masa da haruffa na kowa da kowa, manya.

Baba ya ƙare masa kallo. "Kai ɗan aji nawa ne?"

"Na gama, Baba," ya amsa yana rusunawa. Bai ƙara duban Auta ba, ya fita.

Ta zauna a ƙasa, kanta na sara saboda warin fetur. Ta miƙa wa Baba alƙalamin. "Ga shi, ƙarasa."

"A'a, aikinki ne." Ya damƙa mata shi, ya ɗora hannunsa a kan nata. "Daga sama ake farawa. A hankali, kar ki tsallake ko ɗaya."

Ta sakar masa hannun, suka bi harafin na ƙarshe.