Abin da Iƙamar Othman Ta Ce

Shekara ashirin da biyu Othman ya yi yana mataimakin koci a wata kwalejin fasaha mai zaman kanta a Jidda, amma ko takarda ɗaya ba ta san da haka ba. A iƙamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, direba aka rubuta a gurbin sana'a. Ranar da mai kwalejin ya zama kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, aka ce masa gurbin direba kaɗai ya rage, ya karɓa tukuna, za a gyara bayan Hajji. Ka dai san gyaran bayan Hajji. Har gemunsa ya yi furfura ba a gyara ba, shi ma ya gaji da tuni ya bari.

A unguwar Bani Malik, nan cikin Jidda, aka haife shi. Kakansa ne ya zo sauke farali daga ƙasar Katsina bai koma ba, don haka Othman yake riƙe da fasfon Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba, kuma duk shekara sai an sabunta masa izinin zama a garin da aka yanke masa cibiya. Mutane irinsa suna da wata ƙa'ida da uwa ke koya wa ɗanta tun yana ƙarami: yi aikinka, amma kada ka yi kama da mai yin sa.

Haka kuwa ya bi. Ranar wasa shi zai tuƙo bas ɗin 'yan wasa, ya ajiye ta, ya sungumi kular ruwa, ya zauna a can ƙarshen benci cikin tsohuwar riga marar rubutu. Daga nan yake karanta wasa. In ya hango ɓaraka sai ya taso kamar zai miƙa ruwa, ya raɗa wa babban koci a kunne, babban koci ya miƙe ya daka tsawa, in an ci ƙwallo a ce lallai mutumin nan ya san aikinsa. Manyan koci bakwai ya yi wa wannan raɗa. Akwai Bamisire, akwai wani ɗan Tunisiya da har ya tafi bai riƙe sunayen yaran ba, na bakwai kuwa Abdulelah ne, wanda Othman da kansa ya koya wa tare ƙwallo da ƙirji yana ɗan aji ɗaya. Abin yana ci masa rai, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai yaran sun san gaskiya, shi suke kira kabtin, yadda ake kiran koci a nan, kuma da wannan yake lallaɓa zuciyarsa.

A bana ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na gasar kwalejoji, karo na farko tun da aka kafa ta. A wasan kusa da na ƙarshe Abdulelah, mutum mai zuciya a wuya, ya gaya wa alƙalin wasa maganar da ba ta maimaituwa. Aka ɗaga masa jan kati, aka haramta masa benci ranar Alhamis, ranar wasan ƙarshe. Washegari mudir, shugaban kwalejin, ya kira Othman ofis.

"Ya Abu Lujain, kai za ka riƙe yaran," in ji mudir, yana kiransa da sunan 'yarsa Lujain yadda ake yi a nan. "A takardar wasa malamin lissafi za mu rubuta a matsayin koci, shi ɗan ƙasa ne, zama kawai zai yi. Kai sunanka yana inda yake kullum, cikin ma'aikata. Ka yi yadda ka saba, halas, shi ke nan."

Othman ya ce to. Amma da ya fito sai ya ji ƙafafunsa ba sa son hanyar gida. Bayan la'asar ya gangara kasuwar Bab Makka, ya sayi jaket shuɗi kalar kwalejin, ya kai wa Na'ibi, wani tela ɗan Damagaram da ke da keken yin rubutu a jikin tufa.

"Rubuta min mudarrib a baya," ya ce. "Koci. Da farin zare, manya-manya."

Na'ibi ya dube shi ta saman tabarau. "An gyara iƙamar ke nan, Alhaji?"

"Kai dai yi aikinka."

Matarsa Sadiyya ba ta da sauƙin Na'ibi. Tana ganin rigar a rataye ta juya bayanta, ta karanta, ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Abu Lujain, wa zai sa wannan?"

"Wa kike gani?"

"Shekara ashirin da biyu babu wanda ya ce ka nuna kati, saboda kana kama da mai ɗaukar ruwa. Yanzu za ka rubuta a gadon bayanka a zo a tambaye ka? Tsuntsun da ya ja ruwa fa shi ruwa kan doka."

"Minti casa'in ne, Sadiyya," ya ce. "Shekarata hamsin da huɗu. Ina so in tsaya a bakin layi sau ɗaya, in yi magana da bakina, a san ni na yi. Ban nemi ƙari ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma yana nan bai tafi ba. Daga ƙarshe ta ɗauki rigar ta goge masa ita.

Akwai abu na biyu da ya yi, wanda ita ma ba ta sani ba. Rayan, ɗan bayansu na hagu, yana fama da ciwon cinya, kuma Othman ya san ba zai wuce minti sittin ba. Ya kwana biyu yana juya abin har ya samo mafita: a cire Rayan, a mayar da Fawaz, jagoran 'yan wasan, gefen hagu, a sauko da ɗan tsakiya ya toshe gurbinsa. Da a da ne da tuni ya raɗa wa Abdulelah. Wannan karon ya riƙe abinsa. Bai gaya wa Abdulelah ba, bai gaya wa yaran ba, malamin lissafi kuwa ina ruwansa. So yake idan lokacin ya yi a ga hannun da ya ɗaga.

Ranar Alhamis da la'asar ya tuƙo su zuwa wani ƙaramin filin wasa a kudancin gari. Iska ta tsaya cak, gumi na tsatstsafo wa mutum ko bai motsa ba, amma ya sa jaket ɗin ya zuge har wuya. Yaran suka gani suka yi ta tafi suna tsokanarsa, wai yau kabtin ya fito ango. Bai ɗauki kular ruwa ba, ya bar wa wasu. Ya taka har bakin layi ya tsaya, hannu a baya, yana kallon yaransa suna ɗumama jiki. Daɗin da ya ji a wannan ɗan lokacin, rabonsa da irinsa tun ranar da aka haifa masa Lujain.

Wasan ƙarshe ba kamar sauran wasanni ba ne. Hukumar gasar ta turo muraƙib, mai sa ido, wani dattijo siriri da takardu a hannu. Ya bi benci yana duba sunaye, ya zo kan malamin lissafi ya yi alama, sannan ya ɗago ya ga bayan Othman.

"Salamu alaikum, ya akhi. Koci biyu gare ku?"

Othman ya juyo.

"Ba ni iƙama," in ji muraƙib.

Ya ciro ya miƙa. Muraƙib ya karanta, ya sake karantawa. Ba mugu ba ne, wallahi, ko murya bai ɗaga ba. Sai dai yaran sun riga sun daina gudu sun matso.

"A nan an ce direba, a bayanka an ce koci," in ji muraƙib. "Ni ba zan zaɓa maka ba. In koci ne kai, dole in rubuta cewa kwalejin tana sa mutum aikin da ba na iƙamarsa ba. Za a ba abokan karawarku wasan, rahoton kuma zai wuce gaba, kai ka fi ni sanin inda yake kai mutum. In direba ne kai, direba ba ya tsayawa a nan. Ka fita waje, kuma in na ga ka ba wani umarni, ko da hannu ne, zan rubuta. To, mene ne aikinka?"

Othman ya san inda rahoton yake kai mutum. Gidan tsare waɗanda za a mayar, sannan jirgi, sannan wata ƙasa da bai san kowa ba a cikinta, Sadiyya da Lujain kuma iƙamarsu a jikin tasa take. Ya hango mudir a rumfar manyan baƙi ya duƙar da kai yana latsa waya. Ya dubi yaran, su goma sha takwas, duk ido a kansa.

"Direba ne ni," ya ce.

"Ban ji ba."

"Ni direba ne. Rigar aro ce."

Ya zuge jaket ɗin ya cire, ya naɗe shi ciki-waje, ya bi ta ƙaramar ƙofa ya fita. Kunya ta hana shi waiwaye. A bayan ragar waya da ta kewaye filin ake ajiye motoci, nan ya tsaya tare da direban ɗaya ƙungiyar, wani ɗan Sudan da ya miƙo masa shayi a kofin takarda ba tare da ya tambaye shi komai ba.

Aka busa usur. Yaran suka yi wasa kamar yadda ya koya musu, har a minti na talatin da uku suka zura ƙwallo ɗaya. Othman ya damƙe ragar waya da yatsu, bai yi ihu ba. Aka tafi hutun rabin lokaci, aka dawo. Abdulelah yana can saman 'yan kallo, shi ma an hana shi magana. Malamin lissafi yana zaune a benci yana tafa hannu duk lokacin da ya ga wasu sun tafa.

Kafin minti na sittin Rayan ya fara jan ƙafa. Abokan karawa ba makafi ba ne, suka mayar da duk harinsu ta gefensa. Sau biyu mai tsaron gida yana ceton su da ƙyar. Can ƙwallo ta fita ta gangaro har jikin ragar waya, daidai inda Othman yake tsaye, Fawaz ya biyo ta a guje.

Fawaz ɗan ƙasa ne, amma kakarsa Bahaushiya ce a unguwar Sharafiyya, yana jin Hausa sarai ko da yake in zai yi ta sai ya haɗa da Larabci. Shekara huɗu Othman yana gina shi, tun yana ɗan baya mai tsoron sa wa ƙwallo kai. Ya duƙa kamar mai ɗaukar ƙwallo, yana haki, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kabtin, Rayan halas, ya gaji. Me za mu yi? Gul li, faɗa min."

Amsar tana kan harshen Othman, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ya ɗaga ido. Muraƙib ya baro teburinsa, yana tsaye bai fi taku ashirin ba, biro a hannu, su yake kallo.

"Kabtin," Fawaz ya sake cewa. "Baba."

Othman ya saki ragar waya. Ya juya baya, ya taka zuwa bas, ya tsuguna yana duba tayar gaba, tayar da babu abin da ya same ta. Yana nan tsugune ya ji alƙalin wasa yana busa wa Fawaz usur ya dawo da ƙwallo.

A minti na saba'in da ɗaya aka farke, ta gefen hagu. A na tamanin aka ƙara, ta nan dai. Bai ga ko ɗaya ba, ihun ɗaya ɓangaren ne ya gaya masa. Ya hau bas ya zauna a kujerarsa, ya kunna na'urar sanyaya mota saboda yaran za su fito da zafi. Ana kiran magariba wayarsa ta yi ƙara, mudir ne.

"Mutumin bai rubuta komai ba, ka gode wa Allah," in ji mudir. "Amma an gan ka, ya Abu Lujain. Daga Lahadi kada ka ƙara taka filin atisaye. Za ka riƙa ɗauko ma'aikata da safe, ka mayar da su da yamma. Don kare ka nake yi, da mu duka."

"Na gode," in ji Othman. Abin takaici, har cikin ransa ya san akwai abin godiyar.

Yaran suka fito bayan sun yi salla, lambar azurfa a hannu, babu wanda ya rataya tasa. Ɗaya bayan ɗaya suka hau, kowa ya wuce shi kai a ƙasa. Biyu suka tallabo Rayan suka zaunar da shi. Fawaz ne ƙarshe. Ya tsaya a matakala, idanunsa jawur, ya dubi Othman. Othman ya buɗe baki zai yi bayani, zai ce iƙama, zai ce Lujain, zai ce da ya yi magana da an ƙwace wasan gaba ɗaya. Duk gaskiya ne. Amma ya san akwai kwana biyun da amsar take hannunsa babu muraƙib a kusa, kuma ya ƙi bayarwa. Sai ya rufe bakinsa.

Fawaz ya jawo ƙofa ya rufe, ya zauna a kujerar farko, ya juya fuska wajen taga.

"Kowa ya shigo," ya ce. "Yalla, direba, mu tafi."

Othman ya duba madubi, ya sa giya, ya fitar da su kan titi.