Ranar da Fasuma Ta Buɗe Baki

Duk lokacin da jikokin Saudatu suka tambaye ta wace shekara ta fi kewa a aikinta na asibiti, sai ta ce shekarar fari. Su yi ta dariya, su ce tsufa ya fara taɓa Inna. Ba ta musu da su. Ita dai ta san ba yunwar take kewa ba, mutanen lokacin ne.

Soja ke mulki a wancan zamani, an rufe iyakar Najeriya, damina ta zo ta wuce kamar baƙon da bai sauke jaka ba. Maraɗi ta cika da mutanen arewa waɗanda dabbobinsu suka ƙare. Saudatu tana da shekara ashirin da takwas, tana zaune a Sabon Gari, kullum da safe ta hau mobilet ɗinta shuɗiya, ɗan ƙaramin babur, ta nufi aiki, mayafi na kaɗawa a baya. Ɗakinta yana can ƙarshen asibiti, gindin wata bishiyar bedi. Mutane na ce masa ɗakin masu ciwon kai, don kunyar kiran ciwon da sunansa. Tebur ne guda, da benci, da randa, da kwalin magani wanda bai taɓa cika ba. Shugabanta Majo Illo, babban ma'aikacin jinya, dattijo mai son goro da labarin kokowa, yakan ce mata, "Ɗiyata, maganinmu kaɗan ne, amma kunne ba sai an aiko muna da shi daga Yamai ba."

Wata Laraba aka kawo Fasuma daga Tsibiri. Kakarta Tasalla ce ta riƙo hannunta, tsohuwa 'yar siririya mai kaifin murya. Yarinyar shekararta goma sha biyar, tana aji biyu na kwaleji, kuma a faɗar kakar babu mai kai kamarta a ajinsu. Wata uku ke nan ta daina cin abinci sai an matsa mata, ta daina magana, takan faɗi ta sandare ba zazzaɓi ba komai.

"An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta wajen masu bori," in ji Tasalla. "Kowa cewa yake iska ce. Ni dai na gaji, Madam. Ku ma ku gwada naku."

Majo Illo ya duba yarinyar, bai sami ciwo a jiki ba. Ya ce a riƙa kawo ta duk Laraba ta zauna da Saudatu, kakar ta jira a waje.

Larabar farko Fasuma ba ta ce uffan ba, ta kafa wa randa ido har lokaci ya cika. Ta biyu ma haka. Saudatu ta rasa yadda za ta yi, don a lakwal, wato makarantar aikin jinya, an koya mata allura da ɗaurin miki, ba a koya mata zama da mai shiru ba. A ta uku sai ta zo da ƙullin zogale daga gida, ta baza a faifai, ta ce, "Kama mini tsinka, in ba haka ba yau ba mu cin kwaɗo a gidanmu." Yarinyar ta sa hannu. Suna tsinka Saudatu na ta zuba labari ita kaɗai, na akuyar maƙwabta da ta cinye mata kati na aiki, da na yadda Majo Illo ya taɓa faɗawa kwalbati da keke. A nan ta fara ganin gefen bakin Fasuma ya motsa.

A hankali magana ta fara fitowa. Fasuma ta daina ce mata Madam, ta koma kiranta Tanti kamar 'yar gida. Ta ba da labarin Tsibiri kafin fari, lokacin da gulbi ke kawo ruwa su je wanki su dawo da mangwaro a bakin zane. Ta ba da labarin ƙanwarta Rahmatu, 'yar shekara takwas, mai tsoron kaji. Amma da Saudatu ta tambaye ta shekaru huɗun da ta yi riƙo a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, gidan gwaggonta da mijinta Barmo, ɗan kasuwa mai manyan motoci, sai hannunta ya tsaya cak a kan faifai. Saudatu ta lura, ba ta matsa ba.

Sai da aka kwashe wata biyu. Ranar ana rana kamar ta fasa dutse, ko zogalen ma ba a samu ba. Fasuma ta zauna, ta daɗe tana murza bakin kallabi, sannan ta ce, "Tanti, akwai wata yarinya da na sani."

"Ina jin ki."

Ta ce an kai yarinyar riƙo tana ƙarama. Idan matar gidan ta tafi unguwa, maigidan yakan kira ta ɗakinsa ya yi mata abin da bai kamata babba ya yi wa yaro ba. Ya ce mata in ta faɗa ba wanda zai yarda, kuma hatsin da yake aika wa iyayenta zai tsaya. Haka aka yi ta yi har yarinyar ta ci jarrabawa ta koma gida. Ta binne abin, ta ɗauka ya wuce.

"To bana babu komi a rumbu," Fasuma ta ce. "Baba ya ce in an yi sallah za a kai Rahmatu gidan, a rage baki. Kuma ni kaɗai na san..." Ta tsaya. Ta ji da kunnenta ta ce "ni", ba "yarinyar" ba.

Fushi ya taso wa Saudatu. Ta danne, ta matso kusa, ba ta taɓa ta ba.

"Fasuma, na yarda da ke. Kin ji? Na yarda. Kuma ba laifinki ba ne, ko ƙwayar gero. Yarinya ce ke, shi ne babba."

Yarinyar ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka irin wanda ya daɗe yana neman hanya.

A nan ne Saudatu ta yi kuskuren da har yau take jin kunyarsa. Zuciya ta ɗebe ta, ta miƙe ta ce yanzu-yanzu za ta je wajen jandarmomi. Fasuma ta zabura, ta fita da gudu ta ja hannun kakarta. Laraba biyu ba su zo ba.

Majo Illo bai yi mata faɗa ba. Ya ce, "An daɗe ana yi da yarinyar ga ba a tambaye ta ba. Ke ma kin tashi za ki yi ba ki tambaye ta ba. Abin ba zai tsaya a ɗakin ga ba, don akwai ƙaramar, amma a tahi tare da ita."

Ranar Lahadi Saudatu ta tafi Tsibiri. Ta tarar da Fasuma a bayan gida tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da yunwa ta mayar abinci a shekarar. Ta durƙusa gefenta ta ba ta haƙuri. Ta gaya mata gaskiya, cewa ba za ta iya yin shiru a kai Rahmatu gidan ba, amma Fasuma ce za ta zaɓi wanda za a fara gaya wa, da ranar, kuma tana gefenta za a faɗa.

Fasuma ta daɗe tana juya ruwan ƙwarya. Ta ce, "Kaka. Amma ke za ki fara."

Larabar da ta biyo aka shigo da Tasalla cikin ɗakin aka rufe ƙofa. Saudatu ta fara, Fasuma ta karɓa ta ƙarasa da bakinta. Tsohuwar ba ta yi salati ba, ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna kamar an dasa ta, har Saudatu ta fara tsoron za ta ƙaryata. Can ta ce, "Ni na goya ki na kai ki gidan nan. Har ina murna za ki ci shinkafa." Ta kwance mayafinta ta lulluɓe yarinyar da shi kamar jinjira. "Rahmatu ba ta zuwa. In yunwa ce ta kashe mu a ɗakinmu."

Abin bai tafi sumul ba. Hamidu, uban yaran, ya ce sharrin iska ne da na mutanen asibiti, ya yi wata da watanni ba ya gaida uwarsa da sakin fuska. Majo Illo ya rubuta takarda da yardar Fasuma ya kai inda ya kamata. Aka kira Barmo, ya rantse, manya suka shiga tsakani, magana ta mutu. Buhun da yake aikowa Tsibiri ya tsaya kamar yadda ya faɗa. Sai dai gwaggon yaran, wadda ba ta taɓa cewa komai a kan zancen ba, ba ta sake karɓar ɗiyar kowa riƙo ba har ta bar gidan.

Tasalla ta kwashi jikokinta biyu ta koma Jiratawa wajen ƙanenta Maliki, mai ɗan fili a gandarin noman rani. Can suka ƙarasa shekarar, suna dashen albasa da tsinkar tumatir, ana ci ba a ƙoshi amma ana ci. Fasuma ta ci gaba da zuwa Laraba, wani lokaci a bayan amalanke. Faɗuwar ba ta tafi rana ɗaya ba. Takan yi wata lafiya, sai ta hangi mota irin ta Barmo abin ya dawo. Saudatu ta koya mata ta zauna ƙasa, ta ja numfashi, ta kira sunan abin da idonta ke gani har jikinta ya saki. Da aka buɗe lakwal Fasuma ta koma, ta maimaita aji. A ƙarshen wannan shekara Hamidu ya zo Jiratawa da ƙafarsa, ya zauna bakin zaure ya kasa haɗa ido da ɗiyarsa. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ki yahe mini." Ta ce sai ta yi tunani, kuma Tasalla ta ce tana da gaskiya.

Fasuma ta zama malamar lakwal, ta yi shekara talatin tana koyarwa a ƙauyukan Gidan Rumji. Yanzu ita ma da jikokinta. Duk sallah takan kira Saudatu a waya, su yi ta hira kan tsadar albasa da auren 'ya'yan Rahmatu. A sallar bana ta ce gwiwa ta dame ta, tana tambayar ko akwai magani.

Saudatu ta ce, "Babu. Tsufa ne, sannu da zuwa."

Fasuma ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta ce a gaida mutanen gida.